Tashar rok ta garinmu a Ayowa, shekara 2 ina jinta, ga gaskiyar magana

Motar da na fara saya a nan jihar Ayowa ta Amurka tsohuwa ce sosai, ba bulutut, ramin saka waya ma ya mutu tun kafin ta zo hannuna, rediyo ne kawai ke aiki. Rediyon kuma tasha 3 yake kamawa ba shuu, ɗaya waƙoƙin kaboyi, ɗaya wa'azin coci dare da rana, ɗaya kuma wannan da suke ce ma kilasik rok. Ni da na taso da kalangu da kuntigi me ya haɗa ni da ihun gita, amma tafiyar minti 40 ce daga gida zuwa kamfanin naman da nake aiki, gonar masara hagu gonar masara dama, in ba ka kunna wani abu ba wallahi barci zai kwashe ka a kan sitiyari. Haka na fara, yanzu shekara 2 kenan, na canza mota ma amma ban canza tasha ba.

Ba zan faɗi sunanta ba saboda akwai inda zan ɗan caccake su kuma mutanen kirki ne, garin ma ƙarami ne kowa ya san kowa. Abin da zan ce kawai sunanta da K ya fara, don a Amurka yawanci tashoshin da ke yamma da kogin Misisipi da K suke farawa, na gabas kuma W.

Ga wanda bai sani ba, kilasik rok tsofaffin waƙoƙin gita ne, yawancinsu na Amurka da Ingila, daga ƙarshen shekarun 1960 har zuwa na 1980, su Led Zeppelin, Pink Floyd, Eagles, AC/DC, Rolling Stones, Tom Petty, irin su. Ba wani nau'in kiɗa ba ne da mawaƙa suka zauna suka ƙirƙira, mutanen rediyo ne suka ƙirƙiro shi don su sayar da talla. Wanda aka fi jingina ma abin shi ne Fred Jacobs, wanda ya ɗora tsarin a tashar WMMQ ta yankin Lansin a jihar Mishigan a 1985, lissafinsa kuwa mai sauƙi ne, yaran da suka yi samartaka da waɗannan waƙoƙin sun girma sun samu albashi, suna sayen mota suna sayen gida, to a ba su abin da suka saba ji a tura musu talla a tsakiya. Har yau lissafin bai canza ba, maza 'yan shekara 25 zuwa 54 ake farauta, shi ya sa ma yanzu za ka ji an fara cusa Nirvana da Pearl Jam na shekarun 1990, tunda wanda ke sakandare a 1991 yau furfura ta fito masa.

To wata 3 na farko na ji daɗi, komai sabo ne a kunnena. Daga nan abin ya fara isata. Akwai wata waƙar Eagles da na lura kullum sai ta shigo daidai lokacin da nake wucewa ta gaban wani gidan mai da asuba in na taso aiki, yau ita gobe ita jibi ita, har na fara tunanin ko kaset ɗaya ne suke juyawa su tafi su kwanta. Na taɓa ɗan taimakawa a wata tashar FM a Kano lokacin ina makaranta, sanarwa da jera talla, don haka ina da ɗan karambanin abin. Ranar hutuna na tashi takanas na je tashar rok ɗin.

Kai jama'a. Ni a zatona zan ga gini, sai na ga wani ɗan gida a bakin titi kamar ofishin dillalin filaye, eriya a bayansa, mota 2 a gaba. Mutum 3 ne gaba ɗaya ma'aikatan. Mai tashar dattijo ne ya kusa 70, shi ne mai shirin safe, shi ne mai zaɓen waƙa, in na'ura ta lalace shi ne mai shiga ƙarƙashin tebur da tocila a baki. Akwai wata mata mai karɓar waya da yawon neman talla shago shago, sai wani saurayi mai zuwa don wasanni. Na ce masa ranka ya daɗe ƙorafi na kawo, da Turancina dai, ya yi dariya ya ce shekara da shekaru ba wanda ya taho da ƙafarsa don ƙorafi, kowa waya yake bugowa ya yi masifa ya kashe. Ya zuba min kofi ya jawo min kujera gaban kwamfutar, a nan na ga yadda ake dafa abin.

Abu na farko da suke kira agogo. Da'ira ce kamar fuskar agogon bango an yayyanka ta kamar kankana, kowane yanki da abin da zai shiga. A kan awa daidai dole a faɗi haruffan tashar da sunan garin da aka ba ta lasisi, wannan dokar FCC ce, hukumar da ke kula da sadarwa a Amurka, ba ra'ayi ba. Sai waƙa mai ƙarfi wadda kowa ya sani, sai wata daga rukuni na biyu, sai ɗan jingil, sai wata ta shekarun 80, sai talla, haka har awa ta zagayo. Waƙoƙin an kasa su rukuni rukuni, akwai manya waɗanda ake juyawa da sauri, akwai matsakaita, akwai na can ƙasan tukunya da sai an kwana biyu a ji su. Manhajar ce ke cike gurbin da kanta, a wannan sana'ar akwai tsofaffin manhajoji irin Selector da MusicMaster da aka daɗe ana amfani da su, mutum dokoki kawai yake ba ta.

Dokokin ne suka burge ni gaskiya. Kar mawaƙi ɗaya ya dawo sai an ɗau lokaci, kuma wai har da ɓoyayyen dawowa, misali Don Henley da Joe Walsh duk 'yan Eagles ne kuma kowa na da waƙoƙinsa shi kaɗai, to in ka sa Eagles ka bi da Henley ai murya ɗaya mutum ya ji sau 2, haka Phil Collins da Genesis, haka Eric Clapton da Cream, dole ka gaya ma kwamfutar cewa waɗannan 'yan gida ɗaya ne in ba haka ba ita ba ruwanta. Kar masu sanyi 2 su biyo juna. Masu nauyi irin Metallica ba a sa su da safe lokacin da ake jin tashar a gareji da wajen aski da ofishin banki, sai yamma ta yi. Dogaye kuma ba a sa su kusa da labarai, Stairway to Heaven kaɗai minti 8 ce, ya ce a zamanin faifai irin waɗannan su ne waƙoƙin zagayawa bayi, ka ɗora allura ka ruga ka dawo.

Sai muka zo kan ƙorafina, kuma a nan ne na ci nasara har yau ina alfahari. Lissafi ne zalla. A ce rukunin manya akwai waƙa 120 kuma agogon na ɗaukar 4 a kowace awa, to sai bayan awa 30 waƙa za ta dawo, wadda ta fito 6 na safe yau gobe sai 12 na rana, gaba 6 na yamma, tana yawo kenan, mai jin rediyo da safe kawai ba zai sake haɗuwa da ita ba sai bayan kwana 5. Amma in rukunin ya zama 96, raba da 4, awa 24 cif, kullum a lokaci ɗaya za ta faɗo. Dattijon ya leƙa ya dafe kai, ashe ya ciccire wasu waƙoƙi da ya gaji da su bai sake ƙirgawa ba, adadin ya faɗa daidai kan wannan tarkon, dokar da ke hana waƙa maimaita awa ɗaya kuma bai kunna ta a awannin dare ba don a ganinsa wa ke ji a lokacin. Na ce ga ni nan ai. A gabana ya ƙara waƙa 1 ya kunna dokar, shikenan na rabu da Eagles a gaban gidan mai.

Amma da na ce to me zai hana a zuba waƙa dubu 5 kowa ya huta, a nan ya ƙi ni, kuma da na yi tunani yana da gaskiya ko da raina bai so ba. Ya ce kai kana ji awa da awanni, yawancin mutane minti 15 ko 20 ne, daga gida zuwa aiki, daga aiki zuwa ɗauko yara, in a wannan ɗan lokacin bai ji wadda zai bi da baki yana dukan sitiyari ba ya murɗa ya tafi. Wato ni ne baƙon al'amari ba su ba. Manyan tashoshi har tara mutane suke a zaure su biya su kuɗi, a riƙa sa musu 'yan daƙiƙoƙi na kowace waƙa suna ba da maki, wadda aka gaji da ita a ajiye ta. Shi ba ya da kuɗin wannan, sai ya leƙa abin da tashoshin manyan birane irin Omaha suke sawa ya haɗa da abin da masu bugo waya ke roƙo ya haɗa da kunnensa. A 2014 wani shafin intanet mai ƙididdiga, FiveThirtyEight, ya bi tashoshin kilasik rok 25 na tsawon sati ɗaya, ya gano sama da rabin abin da suka sa daga shekara 10 kacal ya fito, 1973 zuwa 1982. To tashar garinmu ma ba ta fita daga wannan layin ba, in ka rufe ido a kan waƙoƙin kawai ba za ka bambanta ta da ta ko'ina ba.

Abin da ya bambanta ta shi ne abin da ke tsakanin waƙoƙin, kuma saboda shi nake ba shirin safe maki mai yawa. Daga 6 zuwa 10 dattijon na zaune da kansa. Zai gama sa AC/DC ya karanto farashin masara da waken suya da na alade, ya faɗi wace hanya ƙanƙara ta rufe, wace makaranta ba za a buɗe ba yau. Sai sanarwar rasuwa, wallahi ranar da na fara ji sai da na tuna gida, wane ya rasu yana da shekara kaza, za a yi jana'iza a coci kaza ƙarfe kaza, ya bar 'ya'ya da jikoki, sak yadda ake yi a tashoshinmu sai dai ba a cewa Allah ya jiƙansa. Akwai rabin awa na saye da sayarwa da cigiya, mutum ya bugo ya ce yana da injin yankan ciyawa na sayarwa, wata ta ce karenta ya ɓata mai jan kunne, a nan na samu tayoyin ƙanƙara 4 a rabin kuɗi wajen wani manomi da ya riƙe ni hira awa guda yana tambayata ko a Najeriya ana noman dawa. Daren Juma'a a kaka kuma ba waƙa sam, ƙwallon Amurka na 'yan sakandaren garin ake watsawa kai tsaye, saurayin nan na ihu kamar kofin duniya ne, ni ba na gane komai amma ina bari. Ranar Talata bibbiyu ake sa waƙa daga kowane mawaƙi, da rana kuma akwai awar zaɓe, wane ya zaɓa ma matarsa, 'yan gareji sun zaɓa ma ogansu, Zaɓi Sonka dai aka sa ma hular kaboyi.

Yanzu ga inda suka ba ni haushi. Daga ƙarfe 7 na dare, in ka cire daren ƙwallo da daren Lahadi, tashar gawa ce. Ba kowa a ginin, an kulle an tafi, kwamfuta ce kawai ke aiki, muryar da kake ji kuma wani ne a wata jiha can ya naɗi maganganunsa tun da rana aka jera su tsakanin waƙoƙi, yana yi ma tashoshi da yawa a lokaci ɗaya. Sunan garinmu ma bai iya faɗa daidai ba, an yi wata guda yana karya shi. Akwai daren da ƙanƙara ke zuba ko gabana ba na gani shi kuma yana ta raha wai dare ne mai daɗi a fita shan iska. Ni da nake aikin dare wannan ne rabona, kuma ba ni kaɗai ba ne, kamfaninmu ɗaruruwan mutane ne ke fita a wannan lokacin, ga direbobin manyan motoci ga ma'aikatan asibiti. Na san dalili, kuɗi ne, tun da aka yi dokar sadarwa ta 1996 aka cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar, kamfanin Clear Channel, wanda yanzu ake kira iHeartMedia, ya haɗiye tasha wajen 1,200, ƙananan da suka rage a hannun masu su da kyar suke numfashi. Na gane, amma ganewa ba ta sa in ji daɗin abin da ƙarfe 2 na dare. Abu ɗaya da zan yaba, na'urar gargaɗin gaggawa tana aiki, ranar da aka yi gargaɗin guguwa ta katse waƙa a tsakiya da wannan mummunar ƙarar tata, kuma kafin minti 20 sai ga muryar dattijon da kansa, ya taso daga gida da kayan barci ya zo yana faɗin ta inda ta nufa.

Talla ma matsala ce. Sukan jera 7 ko 8 a wuri ɗaya, kuma ƙararsu ta fi ta waƙa, kana cikin nishaɗi sai dillalin motoci ya fasa maka kunne. Wasu tallan sun shekara ba a canza ba, akwai na wani shagon taya da har yanzu ke cewa sabon buɗewa. Sauraro ta intanet kuma sai haƙuri, yana yankewa, wani lokaci shiru na minti 2 a gurbin talla. Da na tambaya ya ce shi da son ransa ne ma da ya rufe shi, don a iska marubutan waƙa kawai ake biya ta hannun ƙungiyoyinsu irin ASCAP da BMI, mawaƙin da ya rera ba a biyansa, amma da zarar ka hau intanet sai ka ƙara biyan SoundExchange mai karɓar ma mawaƙan kuɗinsu, kuma gwargwadon yawan masu ji gwargwadon kuɗin.

Sai abin da ya shafe mu. Akwai tallan giya da na gidan caca, wasu waƙoƙin kuma in ka fara gane Turancinsu za ka gane ba na shiga mota da yara ba ne, ni in iyali na ciki kashewa nake, da azumi ma hutu nake ba ta gaba ɗaya. Wani abin kuma da na lura, za ka yi awa 2 ba ka ji muryar mace ba sai in an sa Heart ko Fleetwood Mac ko Joan Jett, baƙar fata kuwa kusan Jimi Hendrix ne kaɗai, alhali su Chuck Berry da Little Richard ne suka kafa tubalin kiɗan. Na faɗa masa, ya yi shiru ya ce haka tsarin ya zo, ban gamsu ba kuma na nuna masa ban gamsu ba.

Wata rana na je da niyyar burge shi, na ce ka san faifan Band on the Run na Paul McCartney da kake sawa kullum a Legas aka naɗe yawancinsa a 1973? Ashe na kai ma mai rijiya ruwa ne, ya ce ya sani, har ya ƙara min da cewa 'yan fashi sun tare McCartney da wuƙa a can sun ƙwace masa kaset ɗin gwajin waƙoƙin, kuma Ginger Baker mai gangar Cream ya zauna a Legas ya buɗe sutudiyo ya yi wasa da Fela. To da na ga haka sai na fito da makamina na ƙarshe, na sa masa Mdou Moctar, Ba'abzinen nan na Nijar mai kaɗa gita da hagu, daga faifansa na 2021 Afrique Victime. Dattijo ya zauna bai motsa ba har ta ƙare, ya ce wannan yaron ya saurari Van Halen ko, na ce sosai ma. Na ce to a sa a agogo mana. Ya ce a'a, ko kusa, agogo na abin da mutane suka riga suka sani ne, in ya sa wannan da 8 na safe wayarsa sai ta kama wuta. Amma yana da awa 2 daren Lahadi da yake zuwa da faifansa na gida ya sa abin da ya ga dama ba ruwan kwamfuta, a nan ya sa ta, ya yi ta fama da sunan Agadas, ya ce wani abokinsa ɗan Najeriya mai aikin dare ne ya kawo. Mutum 2 suka bugo, ɗaya ya ce a rubuta masa sunan, ɗaya ya ce lafiya tashar take ko wata ce ta shigo mata.

Makina, shirin safe 5 cikin 5, ba ragi. Rana 3 da rabi saboda tallan nan. Daren Lahadi 5, kuma shi ne na fi so duk sati. Sauran darare 2, ɗayan ma don na'urar guguwa ne. In hanya ta biyo da kai ta tsakiyar Ayowa da safe ka murɗa FM a hankali, in ka ji wani tsoho ya gama faɗin farashin waken suya ya saki Led Zeppelin to ita ce. Ya ce in kawo masa Bombino, shi ma mai gita ne ɗan Nijar, sati mai zuwa, da sharaɗin in rubuta masa yadda ake faɗin sunayen da manyan baƙaƙe.